Rumbun Muntaka Jangero

Matar Basiru ce ta fara gani. Ta leƙa ta saman danga ne za ta roƙi wuta, sai ta hangi jinkar rumbun maƙwabcinsu a ƙasa, an ajiye ta tsaf, rumbun kuma ya buɗe baki yana kallon sama. Ta saki kasko, ta ɗora hannu a ka, ta kurma ihu. Kafin rana ta ɗaga, duk Tudun Faru ta hallara a ƙofar gidan Muntaka Jangero.

Shekarar kuwa ko ƙarfin ihu ba kowa ke da shi ba. Damina biyu a jere ruwa yana yi wa mutane alkawari yana saɓawa. Ba a daɗe da canza kuɗi ba, tsofaffi suna ta cewa albarka ta bi sulalla ta tafi. Ana cin dusa da ganyen tafasa, shanu suna faɗuwa a bakin rijiya, hanya kuma kullum cike take da mutanen arewa masu gangarowa kudu da tabarminsu a ka.

Abin da ke cikin rumbun Muntaka iri ne, ba hatsin tuwo ba. Wani gero ne mai jar tsaba wanda gidansu kaɗai ke da shi, mai nuna da wuri, ko ruwa ya ɗauke a tsakiyar damina yakan kai. Bara gonarsa ce kaɗai ta yi abin kirki. Babu magidancin da bai kwana da shirin zuwa roƙon ɗan abin shukawa ba idan ruwa ya sauka. Shi ya sa kowa ya ji kamar nasa rumbun aka fasa.

Mai Unguwa ya aika a kira Nababa, tsohon maharbin nan da ake nema idan an kore shanu ko akuya ta yi ɓatan dabo. Ya zo da sandarsa, ya tsaya ya dubi taron, ya dubi ƙasa.

"Jaje kuka zo," ya ce, "ko kun zo taya ɓarawo share sawu ne?"

Aka ja da baya ana gunaguni. Gaban gida dai ya riga ya lalace. Sai da ya zagaya bayan danga, inda aka zare kara aka mayar, ya samu abin da yake nema: sawun mutum ɗaya mai takalmin taya, da na jaki wanda kofatonsa na gaba yake a tsage. Ya bi su ta cikin gonaki har burtali, hanyar shanu. Suka karkata gabas maso arewa, garke ya bi ta kansu, shi ke nan.

* * *

Da ya dawo, ya tarar an riga an kama ɓarawo ba tare da shi ba.

Wani saurayi ne dogo, Usaini, ɗaya daga cikin mutanen Damargu, can arewa, da suka yada zango a gindin tsamiya bayan kasuwa. An ɗaure shi a jikin durumi a ƙofar Mai Unguwa, leɓensa a fashe.

"Allah ya taimake ka, me ya yi?" in ji Nababa.

"Ran kasuwa an ji shi yana tambayar gidan da ke da jan gero," in ji Mai Unguwa. "Ga kuma takalminsa, dubi."

"Rabin ƙasar Kano takalmin taya suke sawa. Ni ma ga nawa, a ɗaure ni. Ina jakinsa?"

"Wataƙila ya ɓoye."

"A aljihu?"

Wasu suka yi dariya, ba ta yi nisa ba. Mai Unguwa ya jawo shi gefe, ya sassauta murya. "Nababa, in na kwance yaron nan yanzu, samari kashe shi za su yi. Igiyar nan ce ke tsare shi. Kawo mini wanda ya yi, in sake shi. In ba ka kawo ba, 'yan sanda zan ba."

Nababa ya tsuguna gaban saurayin. "Kai, me ya haɗa ka da jan gero?"

"Baba, zangarniya na gani a hannun wani yaro, na gane ta. Kakata takan ba da labarinsa, ta ce da can akwai shi a ƙasarmu, ya ɓace. Tambaya kawai na yi. Ni da ba ni da gona, ina zan shuka?"

A nan wata mace ta matso, goye da yarinya da wuyanta ya kasa ɗaukar kanta. Barira ce, matar Usaini. Ba ta yi kuka ba, ta dai durƙusa.

"Baba, ayarinmu zai tashi bayan Juma'a. An ce ana rabon hatsi a Kano. In sun tafi suka bar ni, wa zai ba matar ɓarawo ko ruwa a garin nan? In na bi su, shi fa?"

"Ki jira," in ji Nababa.

"Ni zan iya," ta ce, ta ɗan juya ta nuna goyonta da haɓa. "Ita ce ban sani ba."

* * *

Tunanin Nababa ya fara zuwa kan Basiru, don kowa ya san shi da Muntaka sun shekara suna jayayya a kan iyakar gona. Wani kuma ya raɗa masa cewa an ga ƙaiƙayin gero a bayan ɗakin Basirun.

Ya same shi a zaure yana saƙar igiya.

"Sarkin Baka da kansa! Yau ni ne barewar?"

"Barewa ta fi ka nama. An ce ana sheƙa a gidanka."

"An ce, an ce. An ce ma za a yi ruwa."

"Basiru, ina ka samu gero?"

Igiyar ta tsaya a hannunsa. Can ya miƙe, ya ce Nababa ya biyo shi. Suka fita bayan gari, ya nuna masa ramuka a wata saura, an tona su har gwiwa.

"Gidan tururuwa ne," ya ce. "Tun kafin gari ya waye nake zuwa, don kada a gan ni. Abin da suka tara nake kwashewa, rabi ƙasa rabi tsaba. In ɓarawo kake nema, ga ni, amma tururuwa ce za ta kai ƙara." Ya yi wata dariya marar daɗi. "Don Allah kada surukaina su ji."

"Ban ga komai ba," in ji Nababa.

* * *

Muntaka kuwa yana zaune a zaurensa, mutane suna shigowa jaje yana amsawa da ka. Mutum ne mai kunya, bai taɓa faɗa da kowa ba in ba Basiru ba.

"Ba ka ji motsi ba?"

"Ban ji ba."

"Wa kake zargi?"

"Ban zargi kowa ba."

"An ɗaure mutum saboda kai fa."

"Ba ni na ɗaure shi ba, Malam Nababa."

Duk amsoshin nan ƙasa ya ba su, bai dubi fuskar mai tambaya ba. Nababa ya ɗauka baƙin ciki ne. Wanda aka raba da irinsa a irin wannan shekara, ai an yi masa jana'iza yana zaune.

Ranar ta wuce a banza. Washegari ma ya ɓata ta a wurin wasu Fulani da aka ce an ga jaki a rugarsu, ya je ya tarar jakin ya kwana biyu da mutuwa, ungulaye ma sun gama da shi.

* * *

Ranar Laraba da hantsi yana zaune a gindin wata gawo, ya rasa inda zai nufa, sai wani abu ya faɗo masa. Tun farko inda ɓarawo ya tafi yake bi, kamar yadda kowa zai yi. Bai tsaya ya duba ta inda ya zo ba.

Ya koma bayan dangar Muntaka, ya yi ta kewaya har ya tsinci sawun zuwa. Mutumin ya kauce wa gonaki, ya biyo ta wani busasshen rafi mai zurfi inda iska ba ta shiga. A can cikin yashi sawun yana nan kamar yau aka taka. Kuma Allah da ikonsa, a wani lungu na rafin sawun zuwa da na komawa sun gitta juna.

Nababa ya tsuguna. Ya sa yatsa a wannan, ya sa a wancan. Ya sake.

Sawun zuwa ya fi zurfi. Takun jakin gajere ne, yana jan ƙafa, har akwai inda ya durƙusa aka ɗaga shi. Na komawa kuwa sakayau, da kaya amma ba mai yawa ba.

"Wane irin ɓarawo ne," ya faɗa a fili, shi kaɗai a cikin rafi, "zai zo sata da jaki a ɗaure da kaya?"

Ya je ya gaya wa Mai Unguwa cewa an shigar da wani abu mai nauyi gidan Muntaka, kuma bai fito ba. Ya ce a bincika.

"In shiga gidan matan aure saboda zurfin kofaton jaki?" in ji Mai Unguwa. "Gidan wanda aka yi wa sata? Nababa, yunwa ta fara taɓa maka kai. Kawo mini mutum, ba yashi ba."

* * *

Akwai wata tsohuwa a gidan Muntaka, gwaggonsa Kulu, wadda idonta ya kusa tafiya. Kullum da yamma ana shimfiɗa mata tabarma a inuwar zaure ta waje. Nababa ya jira har mai gidan ya tafi masallaci, ya zo ya zauna nesa kaɗan.

"Inna, barka da yamma."

"Wa nake ji kamar ɗan Maijidda? Kai ne ka girma har kake bin ɓarayi? Da akuya ma tsoro take ba ka."

"Har yanzu ma, in mai ƙaho ce. Inna, tambaya na zo yi. Sunan nan naku, ban taɓa jin sa a wani gida ba. Ku kaɗai ne?"

Tsohuwar ta juya goron da ba ta da haƙoran ci a cikin tafinta.

"Kakanmu baƙo ne," ta ce. "Daga arewa ya gangaro, a wata yunwa da ta riga yunwar Kakalaba. Ya taho da mace ɗaya, da 'ya'ya, da jakar fata ɗinkakkiya a wuya. Ya binne 'ya'ya biyu a hanya, jakar tana wuyansa, gero ne a ciki, bai farke ta ba. Malamai suka ce bawan Allah ne. Matarsa ta ce mugu ne, ba ta ƙara yi masa magana ba har ta koma ga Allah. Da ya shuka a nan, na kowa ya ƙone nasa ya yi, sai ake ce masa Mai Jan Gero. Baki ya gaji da ja, ya gutsure. Wasu za su ce maka sunan wani gari ne can yamma. Ƙarya suke, ko hanyar garin ba su sani ba."

"To zuriyarsa fa?"

"Ai sunan nan ba jini kaɗai yake bi ba, gero yake bi. Duk wanda aka ɗiba aka ba shi, ya rantse ba zai ci iri ba ko ana mutuwa, ya ɗauki sunan. Akwai wani Bafillatani a Shanono da shanunsa suka ƙare, aka ba shi, ya zama namu. Gidansa ya mutu, mata kaɗai ya bari. Ɗaya ya tafi Makka a ƙasa, an ce ya tsaya a Sudan, ban sani ba ko geron ya karɓi ƙasarsu. Akwai na Kano, ma'aikacin jirgin ƙasa, shi suna kawai ya riƙe, 'ya'yansa ba su san gero ba sai a fura. Sai na wajen Makoda, gida uku. Mun yi ƙaranci, ɗan nan. Shekara mai kyau ba ta tuna mu."

Makoda tana gabas maso arewa. Can ne sawun jakin ya nufa.

"Inna, in wani ya karya rantsuwar fa?"

"Wannan maganar maza ce."

"Akwai mutum a ɗaure."

"Na sani. Tarin 'yarsa har nan yake zuwa mini. Bakin da ke cin tuwon gida ba ya tona gida. Ƙafa gare ka. Ni ba ni da ita."

* * *

Kafin ya kama hanya ya biya ta gindin tsamiya, ya roƙi shugaban ayarin su ƙara masa ko yini ɗaya. Dattijon ya nuna masa tukwanensu a kife. Nababa ya ce wa Barira ta daure, ya kusa. Ta ce to.

Tafiya ce mai nisa ga tsoho mai yunwa. Wani mai babbar mota ya rage masa hanya, sauran ya taka. A Makoda ya yi ta tambaya a bakin kasuwa.

"Jan me?" in ji wani mai faci. "Nan dai akwai Jan Wuya, amma shi mahaukaci ne."

Sai wata mai sayar da kanwa ta ji, ta dube shi a tsorace, ta nuna masa wata hanya da ta bi ta cikin gonaki.

Jakin ya fara gani, a ɗaure a turke, haƙarƙarinsa a waje. Ya ɗaga ƙafar gaba, ga tsagar nan. Mai jakin ya fito, wani gajeren dattijo mai furfura a gemu, Mika'ilu Jangero. Da ya ji abin da ya kawo baƙon, sai ya dafa bango.

"Sata? Muntaka ne ya ce sata?"

"Bai ce ba. Bai kuma ce ba ita ba ce."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un." Ya zauna a kan turmi. "Kulu ce ta aiko mai kanwa da zangarniya sussukakkiya. Mu mun san ma'anarta: wani namu ya fara cin iri. In haka ta faru, 'yan'uwa sukan je su ɗauke shi su ajiye masa har ruwa ya sauka, su bar masa abinci a madadinsa. Ba a sallama, ba a haɗa ido, don kada a kunyata magidanci a gaban iyalinsa. Ubana ya yi wa ubansa, babu wanda ya ji. Gida uku muka haɗa dawar nan, malam. Daga bakin 'ya'yanmu muka rage."

"Za ka zo ka faɗa a gaban mutane?"

"Abin da aka yi don a rufa asiri, shi zan je in tona?"

"An ɗaure wani a madadinka. Yana da mata da 'ya."

Mika'ilu ya dubi jakinsa. Sannan ya shiga ya ɗauko hularsa.

Jakin bai da sauri, masu shi ma haka. Juma'a ta same su a hanya.

* * *

Ranar Asabar da la'asar aka taru a ƙofar Mai Unguwa. Usaini yana jikin durumi, ya rame har igiyar ta yi masa yawa. Basiru ya rakuɓe a gefe. Aka kira Muntaka, ya zo, yana hango Mika'ilu sai ƙafarsa ta tsaya.

Nababa ya sa aka share ƙasa, ya ja jakin ya ratsa. Duk wanda ya ga sawun nan a bayan danga ya gane shi.

"Ga jaki," ya ce. "Ga mai shi."

Samari suka yunƙuro. Mai Unguwa ya daka musu tsawa. Mika'ilu bai motsa ba.

"Malam Mika'ilu, kai ka ɗebe irin da ke rumbun Muntaka?"

"Ni ne. Yana ɗakina, ko zangarniya ɗaya ba ta ɓata ba. Ran da ruwa ya sauka zan kawo masa da kaina."

"Da ka zo, jakinka haka ya zo?"

Dattijon ya sunkuyar da kai. "Dawa na kawo. Taiki biyu. A cikin rumbun na bar ta."

Kalmar dawa ta bi taron kamar ƙamshi. Kai ɗaya bayan ɗaya ya juya wajen Muntaka.

"Muntaka," in ji Mai Unguwa a hankali, "gaskiya ne?"

"Ni ban ce an yi mini sata ba."

"Kana gani aka daki yaron nan!"

"Ban ce ba!" Karo na farko ke nan da aka ji Muntaka ya ɗaga murya. "Na tashi da asuba na ga dawa, na gane. Na kwashe na kai ɗaka, ban kai ga mayar da jinka ba aka yi ihu. Na fito na ga gari duka a ƙofata. Me zan ce? In ce ni Jangero na ci iri? Na ci! Ƙaramin ɗana ya daina kuka, kun san abin da ke biyo bayan wannan. Kakanmu ya iya, ni ban iya ba. Ko kuwa in ce muku akwai dawa a ɗakina? Kai Basiru, da ka ji, da ka bar ni?"

"Da ban bar ka ba," in ji Basiru. "Amma da ban bar wani a ɗaure ba."

"Na ce gobe zan faɗa. Gobe ta yi na ce jibi. Kullum in na ga yara sun ci sun yi barci, sai bakina ya mutu." Ya nuna bayan taron da hannu. "To ga shi nan. Ku duba."

Aka waiwaya. Mata sun riga sun fara zamewa, kowace da ƙwarya a ƙarƙashin mayafi, sun nufi gidansa. Babu wanda ya hana su, babu kuma wanda ya iya kallonsu.

Mai Unguwa ya ce a fara auna wa Usaini rabonsa na dawar kafin kowa. Ya tashi da kansa ya kwance igiyar, yana ba da haƙuri. Usaini bai jira awon ba ma. Yana samun ƙafarsa ya nufi bayan kasuwa yana tangaɗi, Nababa ya bi shi.

* * *

Gindin tsamiya babu kowa. Duwatsun murhu ne kawai da toka.

Wata tsohuwa mai tsintar itace ta ce ayari ya tashi tun jiya bayan an sauko daga masallaci. Barira ta ƙi bin su, ta kwana ita kaɗai a nan. Da safe jikin yarinyar ya rikice, wasu matafiya suka zo wucewa, ta bi su.

"Ta zo ta gaya maka?" in ji Nababa.

"Samari ba sa barin ta matso." Usaini ya juyo, ya kama hannun rigarsa. "Baba, kai ka bi jaki har wata ƙasa. Bi mini ita. Ba ta da takalmi. Ba ta yi nisa ba."

Suka fita babbar hanya, wadda ta bi ta Bichi ta shiga Kano. Rana ta yi sanyi, haskenta ya kwanta a gicciye, irin wanda mai bin sawu yake so. Nababa ya tsuguna.

Hanyar duk ƙafa ce. Ta maza, ta yara, ta tsofaffi masu dogara sanda, wata a kan wata, wata ta shafe wata. Ta mata marasa takalmi kuwa ba ta ƙirguwa, kuma kusan kowace ta nutse ta baya, alamar goyo. Ya matsa gaba ya sake tsugunawa. Ya koma gefe. Ya daɗe ƙwarai, Usaini yana tsaye a kansa yana numfashi.

A ƙarshe ya miƙa sandarsa, ya nuna ɗaya.

"Bi wannan."

Usaini ya durƙusa, ya ɗora tafinsa a kan sawun a hankali. Ya dube shi, ya dubi tsohon.

"Baba, ƙafar Barira ba ta kai wannan girma ba."

Nababa ya sauke sandarsa, ya kawar da kai, don shi ma ya sani.

"Amma dai kudu ta yi," in ji Usaini.

Ya miƙe, ya karkaɗe hannunsa, ya bi ta.